Fentin Tukunyar Gas ɗin Yakubu

Tun da aka hana injin fetur shiga ruwan dam, Yakubu bai ƙara jin daɗin ganin Harisu ba. Ruwan nan mutane ke sha, shanu ke sha, shi ya sa aka ce duk mai kwale-kwalen da ke son ɗaukar fasinja da inji sai ya mayar da shi na gas, jami'i ya zo ya duba tukunyar, ya ba shi takarda. An ba su wata uku. Bayan nan, wanda bai da takarda sai ya tuƙa da gora.

Harisu ya riga kowa. Tare suka koyi iyo da Yakubu, amma yanzu shi ake nunawa. Injinsa ba hayaƙi, ba wari. Matan Fulani masu kai nono kasuwar Kusada, waɗanda Yakubu ya shekara shida yana ƙetarar da su, duk suka koma wurinsa.

"Kada ka ji haushi, ɗan nan," in ji Iyatu, babbarsu, tana gyara faifan ƙwaryarta. "Nonona ne bai son warin fetur. Jiya wani ya sansana ya ce ko a gidan mai na tatso shi."

Matan suka kwashe da dariya. Harisu ma ya dara, kuma tasa ce ta tsaya wa Yakubu a rai.

Yakubu ya sayar da ragonsa, ya tafi Kankia aka juya masa injin, ya sayo tukunya sabuwa fil. Da ya ajiye ta kusa da ta Harisu sai ya ga iri ɗaya ce, launin toka, ba mai cewa ga ta wane. Abin ya ci shi. Ya ɗauke ta ya kai wa mai zanen babura, aka yi mata kore shar, aka zana furanni da tsuntsu. A wuyanta akwai wasu ƙananan lambobi da aka buga cikin ƙarfen. Yakubu bai yi boko ba, ya ɗauka ƙarzuwa ce.

"Cike min nan sosai," ya ce. "Shafa sau uku."

Ranar dubawa, Malam Dalhatu jami'i ya iso bakin ruwa tare da Sarkin Ruwa. Mutane suka taru kan tukunyar Yakubu suna yabawa. Yakubu ya saci kallon Harisu, ya ga shi ma yana kallo, sai ya ji sanyi a ransa.

Malam Dalhatu ya tsuguna, ya shafa wuyan tukunyar da yatsa.

"Malam Yakubu, ina lambar? Ina shekarar da aka gwada ta?"

"Ranka ya daɗe, sabuwa ce."

"Na yarda. Amma abin da idona ya gani nake rubutawa."

"Kai kau Yakubu," in ji Sarkin Ruwa, "amarya muka ce ka kawo?"

Harisu ya matso. "Bari in samo kananzir mu jiƙa fentin, a hankali zai fita."

"Bar shi," in ji Yakubu. "Tukunyarka ce?"

Yakubu ya zaro ƙusa ya hau kankare fentin da ƙarfi. Fentin ya fita, amma ƙusar ta yi wa lambobi biyu rauni, har Malam Dalhatu ya sa tabarau bai iya rabe su ba. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Sai an kai ta Katsina an sake gwadawa. Zan dawo bayan wata ɗaya. Kafin nan, kada injin nan ya taɓa ruwa."

Da ranar kasuwa ta zo, Harisu ya ce wa Yakubu ya zo su yi aiki tare kafin watan ya cika. Yakubu ya gode masa da murya ƙasa-ƙasa, ya ce a'a. Ya ɗauki gora, ya ɗora wani tsoho da buhun gero, ya tura kwale-kwalensa. Bai kai tsakiya ba Harisu ya wuce shi da matan da ƙorensu, ruwa na rabewa shiru. Iyatu ta ɗaga masa hannu. Yakubu ya yi kamar gorar ta maƙale a laka, ya sunkuya yana ja har suka yi nisa.