Jirgi Mai Jikin Kwano

Mahaifin Alhaji Daouda yana da kabari a Indoshin, can gabashin Asiya, sai dai ba wanda ya san wurin. Sojan Faransa ne. Daouda na yaro ƙarami a Damagaram ya ga an sa shi cikin wani jirgin soja mai farfela uku, jikinsa layi-layi kamar kwanon rufi. Jirgi ya tashi, daga nan sai labarin rasuwa.

To, yanzu tsufa ya zo, ido ya tafi sai dishi-dishi. Da Alhaji ya ji za a yi bikin nuna tsofaffin jiragen yaƙi a bayan garin Paris, har da mai farfela uku, sai ya kafe. Ɗiyarsa Hamdiya, wadda yake zaune wurinta a Lyon, ta kawo zancen hawan jini, ta kawo nisan hanya, duk a banza. Taurin kan tsohon nan sai dai a yi shiru.

"Kowa na da inda zai tsaya ya yi wa ubansa addu'a," in ji shi. "Ni ban da shi, sai jirgin nan."

Wanta Ilya ya tarye su a tashar jirgin ƙasa ta Paris, ya kai su filin da motarsa. Ga jirgin nan kuwa a kan ciyawa, mutane sun kewaye shi. Ilya ya tsaya ya karanta allon da ke gabansa, sannan ya ja ta gefe.

"Ba ƙirar Jamus ba ce kamar na asalin," ya ce a hankali. "A Sifen aka ƙera shi, da izinin masu shi. Zubi ɗaya ne, amma bai taɓa sauka Damagaram ba. Masana ma gardama suke ko za a kira shi na asali."

Hamdiya ta waiwayi mahaifinsu. "Don Allah, Yaya, ka rufa mini asiri. Kada ka faɗa masa."

"Ni ba zan ɗaga maganar ba. In ya tambaya fa?"

Ta roƙi mai gadin jirgin, ya bar tsoho ya matsa. Alhaji ya ɗora tafin hannunsa, yana bin layukan ƙarfen da yatsa, ya daɗe.

"Hamdiya, shi ne?"

Ƙaryar ta zo mata har baki. Amma mutum ne da ya sallama mata idonsa. Abin da ta ce ta gani, shi ya gani. Ta kasa.

"Irinsa ne, Baba. Wasu suka ƙera shi, a wata ƙasa."

Ya janye hannunsa. Tausayinsa ya kama ta, ta ji ta tsani gaskiyar da ta faɗa.

Can aka janye mutane baya, aka ta da farfelun nan uku. Rugugin ya shiga ƙirjin kowa. Hamdiya ta buɗe masa kujerar da suka zo da ita, ya ƙi zama. Jirgi ya yi gudu, ya rabu da ƙasa, Alhaji na bin ƙarar da kunne. Sai ta ga ya ɗaga hannu biyu, leɓunansa na motsi, hawaye na sauka cikin gemunsa. Ita da Ilya suka ɗaga nasu.

Ya shafa, amma bai motsa daga wurin ba. Ƙarar ta yi nisa, ta ɓace, can ta sake dawowa.

"Me ake ciki?"

"Ya sauka, Baba. An buɗe ƙofa, mutane na fitowa."

"Da ƙafarsu?"

"Da ƙafarsu."

Ya gyaɗa kai. "Gaskiyarki, ba shi ba ne."

Ilya ya kama hannunsa don su tafi. Tsoho ya riƙe shi.

"Dakata, ɗana. Bari na ƙarshe ya fito tukuna."