Yatsun Buakham

Buakham ta lanƙwasa ɗan yankin soso a bayan ƙugiya, ta zagaya shi da zare sau uku, ta manna ƙafafun roba. Tana miƙa hannu za ta ɗauki almakashi sai Janfong, wadda ke zaune a teburin damanta, ta riƙe mata gwiwar hannu.

"Yaya, wa ya ce ki yi jan ƙwaro? Rawaya aka ce."

Buakham ta duba. Jini ne ya jiƙa soson. Wata ƙugiya ta nutse a babban yatsanta har ƙayar bakin ƙugiyar ta shige, tana lilo. Ba ta san lokacin da ta shiga ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana ɗaura ƙwarin soso a wannan masana'anta da ke bayan garin Chiang Mai. Ana zuba su a kwali a kai wa masu kamun kifi na ƙasashen sanyi, su jefa a rafi ƙwaron ya yi ta yawo a saman ruwa har kifi ya ɗauka na gaske ne ya cafke shi. Ita ce ta koya wa Janfong aikin, da rabin matan ɗakin.

"Ba zafi?" in ji Janfong.

"Babu."

"To ko dai ke ma soson kika zama?"

Matan suka yi dariya. Janfong da ta yi maganar ba ta yi ba.

Jar motar haya ta sauke Buakham a asibiti da hantsi. Aka zare ƙugiyar. Likitar, wata mai ƙaramar murya, ta ce ta rufe ido, ta riƙa taɓa mata yatsu da tsinken roba.

"Inna, kin ji nan?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Kin taɓa ne?"

Likitar ta duba takardar gwajin jini. Ta ce ciwon sukari ne ya daɗe yana cin jijiyoyin. Magani zai hana abin ci gaba, amma jin da ya tafi daga yatsun ba zai dawo ba. Ta tambayi sana'arta. Buakham ta faɗa mata.

"Ki nemi a canza miki wuri, Inna. Wanda ba ƙarfe mai tsini."

Buakham ta gyaɗa kai. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, tsoro ko haushi. Abin da ta lura da shi kawai shi ne agogon bangon yana gudu da minti biyar.

A ƙofar asibiti ta sayi shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza. Ta mulmula loma, ta ga tururi na tashi tsakanin yatsunta. Ta cinye duka a tsaye. Motar da ke zuwa unguwarsu ta tsaya, direban ya leƙo, ta girgiza masa kai. Ta hau mai komawa masana'anta.

Ta tarar an rarraba aikin yamma. A kan teburinta akwai faranti cike da ƙananan ƙugiyoyi, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Irin su kullum ita ake ba wa.

"Me likita ta ce?" Janfong ta tambaya, idonta a kan zarenta.

"Ta ce in rage shayi mai madara."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Buakham ta sa yatsu a farantin. Ta ɗago hannu, babu komai. Ta sake sawa, wannan karon tana kallo da kyau, ta tsinto ɗaya, ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin tebur.

Janfong ta bari mai duba aiki ta wuce ƙarshen layi. Sannan ta jawo farantin zuwa gabanta, ta tura wa Buakham nata mai manyan ƙugiyoyi.

"Waɗannan ƙatti sun ishe ni," ta ce. "Tun safe suke sa ni hamma."

Buakham ta dubi farantin na ɗan lokaci. Ta ɗauki ɗaya, ta matse ta a maƙalin ƙarfe, ta matso da fitila kusa, ta ja zare.