Akwatin Busar da Tumatir na Dakta Sammani

Dakta Sammani ya shekara shida yana ƙera akwati guda ɗaya. Akwatin katako ne mai murfin gilashi, an shafe cikinsa da baƙin fenti, ga bututu a baya wanda iska mai zafi ke fita ta ciki. Aikinsa busar da tumatir da zafin rana. Ya rubuta takardu uku a kansa, har an karanta ɗaya a wani taro a ƙasar waje, amma ban da tumatirin da matarsa ke sayowa na miya, akwatin bai taɓa ganin tumatirin kowa ba.

A shekarar 1986, da tumatirin gwangwani ya yi wuyar samu, gwamnati ta ware tallafi ga malaman jami'a da ke da wata ƙirƙira, don a fito da ita kasuwa. Sharaɗi ɗaya ne: sai malami ya samo ɗan kasuwar da zai haɗa hannu da shi. Sammani haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Bunkure, ya tashi yana ganin yadda tumatirin noman rani ke ruɓewa a bakin titi idan kasuwa ta cika. Ya ce wa kansa lokaci ya yi da zai ceci mutanensa. Daga baya, idan yana ba da labarin, yakan ce bai tuna ya tambaye su ko suna neman ceto ba.

Ɗan kasuwar da ya samu shi ne Alhaji Dalhatu na Kura, dillalin tumatir mai loda motoci zuwa kudu. Alhaji ya saurari bayani na kusan awa guda, ya kalli zanen a juye, sannan ya ce, "Dakta, ni ban gane ba, amma tunda gwamnati ce za ta ƙera, a kawo mu gani." Ya sa hannu. Sammani ya rubuta a takardar neman tallafi cewa abokin hulɗarsa ya nuna matuƙar sha'awa.

A watan Maris aka ɗoro akwatin a bayan a-kori-kura aka sauke shi a filin shanya na Alhaji, kusa da babbar hanyar ruwa. Filin ya yi ja har iyakar ganin ido. Mata sun fi talatin a ƙarƙashin bishiyoyi suna yanka tumatir biyu-biyu ana bajewa a ƙasa, don ya bushe ya zama kauɗa. Sammani ya sa farar riga irin ta ɗakin gwaji, ya riƙe ma'aunin zafi. Wani tsoho da ya ji ana kiransa Dakta, sai ya matso ya nuna masa kumburin ƙafarsa.

Shugabar matan ita ce Gwaggo Tambaya, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi yana jariri. Ta zagaya akwatin sau biyu da wuƙarta a hannu.

"Sammani, kwando nawa yake ci?"

"Ɗaya da rabi, Gwaggo."

"A rana?"

"A kwana uku."

Ta waiwaya ta dubi filin. "Mu jiya arba'in muka yanka."

"Amma naku sai ya kwana biyar," in ji shi. Ya shiga yi mata bayanin yadda iska mai zafi ke hawa sama ta ɗebe danshi. Ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya ƙara basira, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Alhaji Dalhatu ya ja shi suka koma gefen mota. Can ya ce, "Dakta, in na fahimta, kafin in busar da yankan rana ɗaya sai na sayi irin wannan kusan talatin."

"Ashirin da bakwai," in ji Sammani. Yana faɗa ya ji da ma bai gyara ba.

Ya bar akwatin a can ya koma jami'a. Mako uku bai leƙa Kura ba. Abokan aikinsa na tambayarsa yadda gwaji ya tafi, yana cewa manoma sun yi tambayoyi masu zurfi. Sai ga saƙo daga Alhaji cewa ya zo da gaggawa, akwai magana mai daɗi.

Da ya isa filin, abin da ya fara gani shi ne akwatinsa a jingine da bishiyar darbejiya. An cire gilashin an adana, wata kaza ta kwanta a ciki kan ƙwai. Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa, ya ga ba ta da niyyar tashi.

Alhaji ya ja hannunsa zuwa ɗaya gefen. Farantan raga guda huɗu da ke cikin akwatin, waɗanda ake jera tumatir a kai, Gwaggo Tambaya ta zare su ta ɗora kan duwatsu a fili. Kauɗar da ta bushe a kansu ja wur, babu yashi, babu kashin awaki. Alhaji ya ce wata mata mai saye daga Ibadan ta tauna ɗaya, ta ce duk irin wannan da aka samu a ajiye mata.

"Ɗari uku nake so," in ji Alhaji.

Sammani ya dube shi. "Akwati ɗari uku?"

"A'a, farantan. Akwatin ka bar shi, kazar ta kusa ƙyanƙyashewa."

Sammani ya ɗauki faranti ɗaya ya juya shi. A cikin takardunsa uku, layi ɗaya tak ya yi magana a kan farantan. Ba shi ma ya zana su ba. Ya ce wa kafintan sashensu ya yi wani abu da zai shiga cikin akwatin, kafinta ya buga katako huɗu ya ɗaura ragar taga. Shekara shida a kan bututu da kwanciyar gilashi, ga shi abin da kasuwa ke so aikin rabin yini ne na Malam Hammadu kafinta.

Ya ce zai yi tunani. A hanyar komawa ya tsaya a Garun Mallam ya sha fura, ya yi ta shirya jawabin da zai yi wa Alhaji kan muhimmancin bututu. Kafin ya shanye furar ya gane ko shi kansa jawabin bai gamsar da shi ba.

Washegari ya dawo da littafi da abin awo, babu farar riga. Ya sami Gwaggo ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce ta faɗa masa abin da ke damun farantan.

Ashe tana da jerin ƙorafi. Sun yi ƙanƙanta. Katakon ya yi nauyi, mace ɗaya ba ta iya ɗagawa idan an cika. Ragar tana tsatsa, tana ɓata tumatirin da ke kanta. A yi musu ƙafa, ta gaji da neman duwatsu, kuma a yi su yadda za a ɗora wani kan wani idan hadari ya taso. Ya tambaye ta tsawon da take so, ta miƙa hannu ta ce kamu uku. Ya auna hannun nata da abin awo, matan suna dariya, ya rubuta.

Da kwamitin tallafi suka zo dubawa a rani na gaba, sun tarar da farantai jere a filin Alhaji, kafintoci biyu a Kura suna buga wasu don manoman Bunkure. Shugaban kwamitin, wani farfesa mai tabarau, ya buɗe fayil ya duba zanen, ya dubi filin, ya sake duba zanen.

"Dakta, ina bututun?"

"An sauƙaƙa ƙirar, ranka ya daɗe, bisa shawarar masu amfani da ita."

"Gilashin fa?"

"Shi ma an sauƙaƙa shi."

Farfesa ya ce a rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin. Sammani ya rubuta Hammadu, ya rubuta Tambaya, ya ɗan dakata, sannan ya sa nasa na uku. Farfesa ya tambaya wace jami'a ita Tambayar take. Kafin Sammani ya amsa, Gwaggo ta ƙwala masa kira daga inuwa, ta ce baƙinsa su matsa gefe, sun tare wa tumatir rana.