Iya Inda Alli Ya Kai

Duk ranar asibiti Yaya kafinta yakan rufe shagonsa ya raka ƙanwarsa Malama. Ciwon tsoka gare ta, irin na gado, mai cin ƙarfin mutum a hankali kamar gara. Likitar motsa jiki takan duba tafiyarta, sannan ta tambaye ta yadda take ji da kanta: wanka fa, sa kaya fa, aiki fa. To shi Yaya, Allah ya yi shi da saurin baki. Kafin Malama ta haɗiye yawu ya riga ya ce da sauƙi, alhamdulillahi, ai jiya ma har shara ta yi. Ba ƙarya yake nufi ba. A gidansu haka aka taso, ba a kai ƙarar jiki gaban baƙo. Sai Malama ta gyaɗa kai, likita ta rubuta.

Yaya bai taɓa ganin Malama tana koyarwa a aji ba. Bara daga saman allo take fara rubutu. Bana hannun ya ƙi wuce kafaɗa, rubutun ya sauko ƙasa, yaran baya sai sun miƙe suna leƙe. Har hedimasta ya fara zancen a mai da ita ofis, wai ta huta. Hutun me? Ita da duk duniya ba abin da take so kamar ajin nan. Abin ya ci mata rai, ga asibiti kuma ƙafa kawai ake ta gyarawa, tunda an ce hannu lafiya lau.

Da ranar asibiti ta zagayo, ta jefa guntun alli a jaka. Likita na buɗe baki, Yaya ya gyara zama.

"Yaya, don girman Allah, yau ka bar ni in amsa da bakina."

Ya ji zafin maganar, amma ya bar ta. Ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, ta je jikin bango, ta ɗaga hannu, ta ja layi da allin.

"Likita, iya nan nake kaiwa. Babu wani sauƙi. Ajina za a karɓe."

Likita ta ɗauko abin awo ta auna layin. Ta ce ƙarfin da ya tafi ba zai dawo ba, ba za ta ɓoye mata ba, amma akwai atisayen kafaɗa da abin tallafe hannu, kuma yau za a fara. Yaya ya ƙura wa layin nan ido.

Ran Litinin Malama ta shiga aji, ta tarar da Yaya da guduma, ya ɓalle allon daga bango yana riƙe da shi, gumi sharkaf.

"Malama, nan ya yi?"

Ya tsaya yana jiran ta. Ta ɗaga alli ta gwada.

"Bai yi ba, Yaya. Ƙara yin ƙasa."