Abin da Sikeli Bai Faɗa Ba

Su uku ne a gidan: uba mai horar da 'yan tsere, wanda kowa ke kira Koci, matarsa, wadda saurin ƙafarta ya sa aka laƙaba mata Barewa, sai 'yarsu mai shekara goma. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba, kofunan da Barewa ta ciyo a gudun dogon zango har sun cika kanta a falo. Abin da suka rasa shi ne ƙani ko ƙanwa ga yarinyar. Shekara bakwai suna nema.

Kowace safiya Koci yakan jawo sikeli daga ƙarƙashin gado, matar ta hau, shi kuma ya duƙa ya karanta. Ludayi ɗaya na shinkafa yake zuba mata. Ƙwai kuwa farin kawai take ci, gwaiduwar ta yarinya ce. A filin atisaye yarinyar ce mai riƙe agogo, kuma tana ji da wannan aiki.

"Umma, yau kin rage daƙiƙa huɗu."

"Faɗa wa babanki, ko zai ji tausayi ya ƙara mini rabin ludayi."

"Ai rabin ludayin nan shi ne daƙiƙa huɗun," in ji Koci, duk suka yi dariya.

Bayan yaye yarinyar Barewa ta fara gudu, kuma tun a shekara ta biyu al'adarta ta ɗauke. Koci ya ce haka ake gani a wurin manyan 'yan tsere, alama ce ta jiki ya murje. Har zuciyarsa ya yarda da haka, ita ma ta yarda. Da haihuwa ta ƙi zuwa, sai suka ɗauka ƙarin lafiya ake buƙata. Suka ƙara nisan gudu, suka rage mai a girki.

Ciwon ƙafa ne ya kai su asibiti, domin ƙashin ya tsage ba tare da ta faɗi ba. Likitar, wata dattijuwa mai magana a tsanake, ta duba hoton ƙashin, ta yi wa Barewa tambayoyin da ba a taɓa yi mata ba, ta sa aka ɗebi jini. Bayan mako guda suka dawo su uku, don an yi hutun makaranta.

Likita ta zana kan mutum a bayan wata takarda, ta ɗiga ɗigo a tsakiya, sannan ta dubi yarinyar.

"'Yan mata, in kin shiga kicin kin tarar babu komai, za ki gayyato baƙo?"

"A'a. Me zai ci?"

"To, ƙwaƙwalwa ma haka take lissafi." Ta juya wajen iyayen. "Kitsen jiki yana aika saƙo ta cikin jini zuwa wannan ɗan wurin, yana cewa akwai ajiya. Shi kuma wurin sai ya ba da umarni a saki ƙwan haihuwa duk wata. In ajiya ta ƙare, sai ya yi shiru. Ba lalacewa ya yi ba, tattali yake yi don ta rayu."

Koci ya gyara zama. "Ke nan in ta ci ta huta, shi ke nan?"

Likita ta ajiye takardar. "Da shekara biyar baya kuka zo, da na ce abinci da hutu kawai. Yanzu tana da shekara arba'in da huɗu, gwajin kuma ya nuna ƙwayayen sun kusa ƙarewa. Ta ci saboda ƙashinta. Ɗaya maganar kuwa, ba zan yi muku alkawari ba."

A hanyar gida Koci ya tsaya bakin wani kanti. Ya fito da burodi biyu, da madara, da man shanu, da gyaɗa, ya jibge su a cinyar matar.

"Ki ci, don Allah."

"Koci, a cikin mota za mu rama shekara bakwai?"

"Ni ne nake..." Ta katse shi.

"Ni nake hawa sikelin da ƙafata. Ba ɗaure ni ka yi ba."

Ta ɓalli burodin, ta shafa man da yatsa, ta ci loma uku. Cikin bai saba ba, ta huɗun ta gagara. Ta riƙe ta a hannu tana kallon titi, shi kuma ya riƙe sitiyari bai tada motar ba.

A kujerar baya yarinyar tana kallon iyayenta. Ta gane ba za ta yi ƙani ba. Ta kuma gane cewa abin da ya jawo haka, su ukun suka yi shi, kowace safiya, suna murna.