Mijinyawa Ya Duba Haƙora

Ni Sodangi na yi shekara goma sha tara ina gyaran babur da injin ban ruwa a bakin titin Boɗinga, kuma ban taɓa jin haushin wani inji kamar jan injin zarton Mijinyawa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mijinyawa abokina ne tun ƙuruciya, manomi ne a wani ƙauye kusa da Shagari. Shekarar da damina ta ƙi, gwamnati kuma ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, geronsa ya bushe a tsaye. Cikin shanun huɗarsa biyu ɗaya ya mutu, saura Gwamna, wani farin bijimi da yake ji da shi kamar ɗan cikinsa. Sai ya yanke shawarar sayar da Gwamna ya sayi injin zarto, ya yi rani yana yankan giginya yana fitar da azara, kafin ruwan fari ya fanso sansa daga hannun Tukur, maƙwabcin gonarsa wanda zai sayi bijimin.

Na ce masa, "In dai ka nace, kada ka sayi komai sai na gani."

Ya ce to. To ɗin nan na Mijinyawa!

Ranar Laraba sai ga shi daga Sakkwato da kwali a ka, yana washe baki. Ya ce inji biyu ya tarar a shagon. Ɗaya tsoho ne mai nauyin tsiya, jikinsa duk ƙarfe, na 'yan kwangilar katako, fenti ya goge. Ɗayan kuwa sabo fil, ja wur, ana iya ɗaga shi da hannu ɗaya.

"Mi ya sa ka baro tsohon?" na tambaye shi.

"Haba Sodangi, na duba haƙora. Na tsohon duk sun cinye. Wanga kuwa ko ɗaya bai taɓu ba."

Innalillahi! Wato yadda yake buɗe bakin sa a kasuwar dabbobi ya gane shekarunsa, haka ya je ya yi wa inji. Na ce, "Kai bawan Allah, haƙoran nan a sarƙa suke, sarƙa kuwa cirewa ake a sa wata. Abin dubawa yana ciki." Na ƙwanƙwasa jikin injin da sifana, ya yi ƙwas-ƙwas. Roba ce. Na buɗe, boris ɗinsa ƙanana kamar na keke, a cikin roba suke zaune. Irin wanda Turawa ke sare rassan lambun gida da shi ne sau biyu a shekara, su goge su rataye. Wancan tsohon da ya raina, shi aka ƙera don ya wuni yana ruri a daji, in wani abu ya ci a kwance a canza.

Na ce ya mayar. Ya je, mai shagon ya ce kayan da ya fita ya fita, tsohon ma an saye.

Sai na roƙe shi ya riƙa hutar da shi, ya yi yanka kaɗan ya bari ya huce. Amma namijin giginya ba itacen lambu ba ne, baƙin zaren nan nasa gatari ma tsoronsa yake. Ga shi kuma kullum in ya fita sai ya ga Gwamna ɗaure a ƙofar Tukur. Wa zai ce masa ya huta? Giginya ta farko ta faɗi lafiya, har mutanen ƙauye suka taru kallo. Ta biyu injin ya fara tari. A ta uku, da rana tsaka, ya yi hayaƙi ya ɗauke.

Da ya kawo mini, ban ko gama kwancewa ba na san ta ƙare. Robar ta narke ta saki boris, fistin ya kama. Na shiga Sakkwato sau biyu neman kayan gyara. Ko'ina amsa ɗaya: an hana shigo da kaya, kuma irin wannan ma ba a yi masa kayan gyara, in ya mutu jefarwa ake. Wallahi sai da na zagi injin nan kamar mutum.

Ruwan fari ya sauka ranar wata Juma'a. Washegari na ɗaura ragowar injin a bayan babur na tafi kai masa. Na same shi a gona, duƙe da garmar hannu, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, ya yi kunya uku yana haki. A gonar da ke gefe, Gwamna na jan garmar Tukur, ƙasa na kifewa luƙui-luƙui. Mijinyawa ya juya wa wajen baya, da gangan.

Na sauke kwalin a gabansa, tausayinsa ya riga ya cinye faɗan da na zo da shi. Ya goge hannu a riga, ya zaro sarƙar, ya bi ta da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

"Ka gani ko, Sodangi," ya ce a hankali. "Ko ɗaya bai karye ba."