A Wane Layi Kake, Des?

…daga kabarin Nas Trevaskis kuma sai a yi hagu. Hagu ne, ko, Des? Hanyar da nake bi ido rufe tun da aka kwantar da kai, yau ƙafata ta tsaya tana tambayata.

Noelene na cikin mota a bakin maƙabarta, ko injin ba ta kashe ba. 'Yarka ce sak, babu haƙuri. "Mama, ki je wajen Baba ki dawo ke kaɗai, na bar maganar gidan tsofaffi na birnin Adelaide. In kin ɓata kuwa, ki haɗa kayanki." Ni za a yi wa jarrabawa! Ni da na san duk wanda ke kwance cikin jar ƙasar nan…

Ga dai Nas ɗin. Rabin garin nan a hannunta suka faɗo duniya, a kan keke take zuwa, ta kori maza waje da tsintsiya. Gaba kaɗan Penhall, mai busa wa mahaƙa ma'adinai ƙaho — ranar da rami ya rufta da mutane ya yi ta busa a gaban gawa har leɓensa ya fashe. Baƙar tutar nan fa da ake ɗagawa in an yi mutuwa a rami, ka tuna? Da mun hango ta, kowace mace ta saki wanki ta fito bakin titi… sai ga ka, ƙura har cikin kunne: "Beryl, kuka kike? Adana hawayenki, ba ni abinci tukuna."

Ina kewarka, mutumin nan. Ina kewar garin ma, lokacin yana da hayaniya.

Tregonning, jagoran yajin aiki, wanda ya sa albashi ya tsaya muka ci zomo har muka tsani zomo. Kusa da shi Babana. Inna. Gwaggo Ivy, furen robarta ya koɗe — na gaske ai kangaru ke cinyewa. Nawa duk suna nan, to kai fa? Na bi layin, na sake bi. Wa ya ɗauke min miji?

Tsaya… nan ai ɓangarenmu ne, 'yan cocin Methodist. Kai ɗan Katolika, kana tsallaken hanyar tsakiya, cikin naku. Saboda haka fa Babana ya ƙi zuwa aurenmu. A raye ba a haɗa mu, a mace ma ba a haɗawa. Ƙafata gidanmu ta kawo ni, kamar ban taɓa aure ba.

To in tsallaka mana. Amma can ɗin… gicciye, gicciye, mala'ikun dutse duk fuska ɗaya. Daga wa ake farawa? Akwai kabarin wani fada, limamin cocinku… akwai wata bishiya… ko an sare ta?

An buɗe ƙofar mota. Takunta ne a kan tsakuwa.

"Mama? Kin gaishe shi?"

Furen da na kawo maka yana hannuna har yanzu, tana ganinsa. Des, don Allah… yi tarin nan naka na ƙurar rami, ko sau ɗaya, in ji inda kake.